Makamashin iska

Makamashin iska shi ne ƙarfin da ake samu daga kaɗawar iska domin gudanar da wani aiki. A zamanin da ana amfani da shi wajen tura jiragen ruwa, niƙa hatsi da jawo ruwa daga ƙasa. A yau galibin amfaninsa shi ne samar da wutar lantarki ta hanyar injinan iska, waɗanda ake kafawa da yawa a wuri ɗaya, a kan tudu ko a cikin teku. Yana cikin nau'o'in makamashi masu sabuntawa, wato waɗanda ba sa ƙarewa don an yi amfani da su, kamar hasken rana da ƙarfin ruwa.

Asalin iska daga rana yake. Rana ba ta ɗumama doron ƙasa daidai wa daida, don haka iskar da ta yi zafi takan tashi sama, mai sanyi kuma ta kwararo ta maye gurbinta. Jujjuyawar duniya, tsaunuka, kwaruruka da tekuna su ne ke tsara inda iskar za ta bi da kuma ƙarfinta.

A shekarar 2023 jimillar ƙarfin injinan iskar da aka kafa a duniya ya haura gigawat 1,000, kuma a 2024 iska ta samar da kimanin kashi 8 cikin ɗari na wutar lantarkin duniya. Farashin wutar ya sauka ƙwarai, kuma injinan ba sa fitar da hayaƙi yayin da suke aiki. Babbar matsalarsu ita ce iska ba ta kaɗawa a kowane lokaci, sannan wuraren da ta fi ƙarfi sau da yawa suna nesa da biranen da ke buƙatar wutar.

Suna da kalmomi

Kalmar iska a Hausa tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Ana kiran abin da ake shaƙa iska, ana kuma kiran wadda ke kaɗawa iska, jam'inta iskoki kuwa ya fi nufin aljanu. A wannan fanni ana nufin iskar da ke motsi. Kafofin yaɗa labarai na Hausa kan ce wutar lantarki mai amfani da iska, ko lantarkin iska a taƙaice. Na'urar da ke samar da wutar ana kiranta injin iska, ɓangaren da ke juyawa ana ce masa farfela, kowane reshe na farfelar kuma fiffike. Wurin da aka tara injinan ana kiransa tashar iska ko gonar iska. Ana auna ƙarfin inji da wat: kilowat ɗaya wat 1,000 ne, megawat ɗaya kilowat 1,000, gigawat ɗaya kuma megawat 1,000.

Tarihi

Injinan niƙa masu aiki da iska na farko da aka tabbatar da su sun bayyana a yankin Sistan, tsakanin Iran da Afganistan na yanzu, kuma zuwa ƙarni na 9 an riga an san su. Fukafukansu suna juyawa ne a kewayen sandar da ke tsaye. A ƙarshen ƙarni na 12 wani nau'in ya bayyana a arewa maso yammacin Turai, mai farfelar da ke fuskantar iska. Mutanen Holan sun shahara da amfani da shi wajen kwashe ruwa daga fadamu domin samun ƙasar noma. A ƙarni na 19 ƙananan injinan iska masu fukafukai da yawa sun bazu a gonakin Amurka da Ostireliya, inda suke jawo ruwan rijiya domin mutane da dabbobi.

A watan Yuli na 1887 farfesa James Blyth ya kafa injin iska a ƙauyen Marykirk na Sikotland, wanda ke cajin batir domin haskaka gidansa. A tsakanin 1887 da 1888 Charles Brush ya gina wani babban inji a birnin Cleveland na Amurka, mai fukafukai 144 na katako da faɗin mita 17, amma ƙarfinsa kilowat 12 kacal. Daga 1891 Poul la Cour na ƙasar Denmak ya fara gwaje-gwaje a garin Askov, inda ya gano cewa farfela mai fukafukai kaɗan da ke juyawa da sauri ta fi dacewa da samar da lantarki. Ya kuma horar da masu aikin wuta na karkara.

Inji na farko da ya haura megawat ɗaya shi ne na Smith-Putnam, wanda aka kafa a jihar Vermont ta Amurka a 1941 da ƙarfin megawat 1.25. Ya daina aiki a 1945 bayan fiffikensa ɗaya ya karye. A 1957 Johannes Juul ya gina injin Gedser a Denmak, mai kilowat 200 da fukafukai uku, kuma tsarinsa ne ya zama tushen yawancin injinan yau.

Arhar man fetur da kwal ta sa aka yi watsi da iska na wani lokaci, har sai da rikicin man fetur na 1973 ya tilasta wa ƙasashe neman wata hanya. A shekarun 1980 an kafa dubban ƙananan injina a jihar Kalifoniya, musamman a mashigin Altamont, da yawansu ƙirar Denmak. Tashar iska ta farko a cikin teku ita ce Vindeby ta Denmak, wadda ta fara aiki a 1991 da injina 11, kowanne mai kilowat 450, aka kuma rushe ta a 2017.

Yadda injin iska yake aiki

Injin iska na zamani yana da manyan sassa uku: hasumiya, farfela, da ɗakin inji da ke saman hasumiyar. An ƙera fukafukan da siffa irin ta fiffiken jirgin sama. Idan iska ta ratsa su, matsinta a gefe ɗaya yakan fi na ɗaya gefen, sai wannan bambanci ya juya farfelar. Farfelar babban inji tana juyawa a hankali, kamar sau 10 zuwa 20 a minti ɗaya. A yawancin injina akwai giyabos da ke ƙara saurin juyin zuwa fiye da sau 1,000 a minti kafin ya isa janareta. Wasu injinan ba su da giyabos, farfelar ce ke juya babbar janareta kai tsaye. Wutar da aka samu takan sauko ta wayoyin da ke cikin hasumiya zuwa taransifoma, wadda ke ɗaga ƙarfinta kafin a tura ta babban layi.

A saman ɗakin injin akwai na'urorin da ke auna saurin iska da inda ta fito. Da bayanansu ne kwamfuta ke juya kan injin ya fuskanci iskar, tana kuma karkata fukafukan gwargwadon buƙata. Inji yakan fara ba da wuta idan saurin iska ya kai mita 3 zuwa 4 a sakan ɗaya, ya kai cikakken ƙarfinsa a wajen mita 12 zuwa 15, sannan a tsayar da shi idan iskar ta kai kimanin mita 25 a sakan, domin kada ya lalace.

Ƙarfin da ke cikin iska ya dogara da abu uku: nauyin iskar, faɗin da'irar da farfela ke sharewa, da saurin iskar. Sauri ne ya fi tasiri, domin ana ninka shi da kansa sau uku a lissafin. Idan saurin iska ya ninka biyu, ƙarfinta yakan ninka takwas. Iskar da ke gudun mita 7 a sakan tana ɗauke da kusan ninki uku na ƙarfin wadda ke gudun mita 5. Haka kuma idan aka ninka tsawon fiffike sau biyu, da'irar takan ninka huɗu. Wannan ne dalilin da ya sa ake ta ƙara girman injina da tsayin hasumiya, domin iskar sama ta fi ƙarfi da daidaito, tunda bishiyoyi da gine-gine ba sa tare ta.

Babu injin da zai iya kwashe dukkan ƙarfin iska, domin da ta tsaya cik a bayan farfela da wata ba ta samu hanyar wucewa ba. Masanin kimiyya na Jamus Albert Betz ya nuna a 1919 cewa iyakar abin da za a iya samu shi ne kashi 59.3 cikin ɗari. Alal misali, farfela mai faɗin mita 100 tana share murabba'in mita 7,854. Idan iska na gudun mita 10 a sakan, ƙarfin da ke ratsa da'irar ya kai kimanin megawat 4.8. Iyakar Betz ta rage shi zuwa megawat 2.8, abin da inji mai kyau zai fitar a zahiri kuwa yana wajen megawat 2.

Ana kuma auna tasha da yawan wutar da ta bayar a shekara idan aka kwatanta da wadda za ta bayar da ta yi aiki da cikakken ƙarfi dare da rana. Inji mai megawat 2 zai ba da awar megawat 17,520 a cikin awa 8,760 na shekara idan bai taɓa raguwa ba. Idan ya ba da 5,256, to ya yi kashi 30 cikin ɗari ke nan. Tashoshin kan tudu galibi suna tsakanin kashi 25 da 45, sababbin na cikin teku kuma sukan kai 40 zuwa 50.

Ire-iren tashoshi

Tashoshin kan tudu su ne suka fi yawa kuma suka fi arha. Sababbin injinansu galibi suna da megawat 3 zuwa 6, kuma ana barin tazara mai yawa tsakaninsu don kada na gaba ya tare wa na baya iska.

Tashoshin cikin teku suna samun iska mai ƙarfi da daidaito, kuma jiragen ruwa na iya ɗaukar sassan da babu motar da za ta bi titi da su. Injin V236 na kamfanin Vestas yana da megawat 15, tsawon kowane fiffikensa ya haura mita 115. Tashar Hornsea 2 da ke gaɓar Ingila, wadda aka kammala a 2022, tana da injina 165 da ƙarfin gigawat 1.3. Inda teku ya yi zurfi ana ɗora injinan a kan dandamali masu iyo da aka ɗaure da sarƙoƙi. Tasha ta farko irin wannan ita ce Hywind ta Sikotland, wadda ta fara aiki a 2017 da injina biyar masu jimillar megawat 30. Gini da gyara a teku sun fi tsada, kuma gishiri yana cin ƙarfe.

Akwai kuma ƙananan injina na gidaje, gonaki, turakun sadarwa da ƙauyukan da babban layi bai kai ba. Yawanci ana haɗa su da batir da faifan sola.

Yaɗuwa a duniya

Ƙasar Sin ce kan gaba, da fiye da gigawat 500 a ƙarshen 2024, wato kusan rabin na duniya baki ɗaya. Amurka ke biye da kimanin gigawat 150, inda iska ke ba da kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar ƙasar. Jihar Teksas ce ta fi kowace jiha yawan lantarkin iska, a jihar Iowa kuma iska na samar da fiye da rabin wutar da ake samarwa. Jamus, Indiya, Birazil, Sifaniya da Birtaniya suna cikin manyan ƙasashe a wannan fanni. Idan aka duba kaso kuwa, Denmak ce ta fi kowa, domin fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska take fitowa. Manyan kamfanonin ƙera injinan sun haɗa da Vestas, Siemens Gamesa, GE Vernova, Goldwind da Envision.

Alfanu

Iska ba a saye ta. Da zarar an gina tasha, abin da ya rage shi ne kuɗin kulawa da biyan bashin gini, don haka farashin wutar ba ya hawa da sauka tare da farashin gas ko dizal a kasuwar duniya. Wannan yana da muhimmanci ga ƙasashen da ke shigo da mai da kuɗin waje. Alƙaluman hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, sun nuna cewa kuɗin samar da lantarkin iska na kan tudu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. A wurare da dama yanzu yana cikin hanyoyi mafi arha na ƙara sabuwar wuta.

Ta fuskar muhalli, injin iska ba ya ƙona komai. Ko da an haɗa da hayaƙin da ake fitarwa wajen ƙera ƙarfe, siminti da jigila, rahoton kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi na 2014 ya ƙiyasta kimanin giram 11 na iskar kabon a kan kowace awar kilowat ta lantarkin iska na kan tudu. Na gas 490 ne, na kwal kuma 820. Inji yakan mayar da makamashin da aka kashe wajen ƙera shi cikin ƙasa da shekara ɗaya, sannan ya yi aiki shekara 20 zuwa 30. Ba ya buƙatar ruwan sanyaya inji kamar tashoshin kwal, gas da nukiliya, abin da ya dace da yankuna masu ƙarancin ruwa.

Duk da cewa tasha tana bazuwa a fili mai faɗi, gindin hasumiyoyi da hanyoyi kaɗan suke ci daga cikinsa. Ana ci gaba da noma da kiwo a tsakanin injina, masu gonaki kuma a ƙasashe da dama suna karɓar kuɗin haya. Ginin tashar kan tudu yana da sauri idan aka kwatanta da madatsar ruwa, kuma ana iya yinsa kashi-kashi.

Ƙalubale

Rashin tabbas na iska

Dole ne wutar da ake samarwa ta yi daidai da wadda ake sha a kowane lokaci, alhali iska tana sauyawa daga awa zuwa awa, daga wannan yanayi zuwa wancan. A arewacin Turai akan samu kwanaki a lokacin sanyi da babu iska kuma babu rana. Ana rage wannan matsala ta hanyoyi da dama: hasashen yanayi, warwatsa tashoshi a yankuna daban-daban, haɗa iska da sola, ajiye wuta a batir, da barin tashoshin ruwa ko gas a shirye. Denmak tana sayar wa maƙwabtanta wuta idan iska ta yi yawa, ta kuma sayo daga madatsun ruwan Norwe da Suwidin idan ta lafa. A kudancin Ostireliya an kafa babban batir mai megawat 100 kusa da tashar iska ta Hornsdale a 2017. Batir yana cike giɓin 'yan awanni, amma giɓin kwanaki da yawa har yanzu yana da tsadar cikewa.

Layukan dakon wuta

Tasha ba ta da amfani idan babu layin da zai kwashi wutarta. A 2016 an yi asarar kimanin kashi 17 cikin ɗari na lantarkin iskar da Sin za ta iya samarwa, a lardin Gansu kuma asarar ta haura kashi 40, saboda an gina injina kafin layuka. Ƙasar ta rage matsalar daga baya da gina dogayen layuka zuwa gabashinta. A Jamus iska ta fi yawa a arewa, manyan masana'antu kuma suna kudu, kuma layin SuedLink da zai haɗa su ya yi jinkirin shekaru.

Jari

Kusan duk kuɗin tashar iska a farko ake kashe shi, don haka kuɗin ruwan bashi yana tasiri sosai a kan farashin wutar. A 2023 hauhawar farashi da ta kuɗin ruwa sun sa kamfanin Ørsted ya soke manyan ayyuka biyu a gaɓar jihar New Jersey ta Amurka, kuma a gwanjon da gwamnatin Birtaniya ta yi a shekarar babu kamfanin da ya nemi gina tashar cikin teku. A ƙasashe masu tasowa kuɗin ruwa ya fi haka yawa, kuma masu zuba jari sukan nemi tabbacin cewa kamfanin da zai sayi wutar zai iya biya.

Tsuntsaye da jemagu

Fukafukai suna kashe tsuntsaye da jemagu. Adadin bai kai na waɗanda kyanwoyi, gine-gine da wayoyin wuta ke kashewa ba, amma ya fi shafar manyan tsuntsaye masu jinkirin haihuwa, kamar gaggafa da ungulu. Tsofaffin injinan Altamont sun yi ƙaurin suna wajen kashe gaggafa. Ana magance wannan da kauce wa hanyoyin ƙaurar tsuntsaye da tsayar da injina a wasu lokuta. Wani bincike a tsibirin Smøla na Norwe, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti ya rage mutuwar tsuntsaye da kimanin kashi 70 cikin ɗari a injinan da aka gwada.

Jama'a da filaye

Maƙwabtan tashoshi kan yi ƙorafi kan ƙara, inuwar fukafukai da ke giftawa, da sauyin kamannin wuri, shi ya sa ƙasashe da dama suka ƙayyade tazara tsakanin inji da gidaje. Rikicin fili ya fi tsanani inda makiyaya suke. A watan Oktoba na 2021 kotun ƙolin Norwe ta yanke hukuncin cewa lasisin tashoshi biyu a yankin Fosen ya tauye haƙƙin al'ummar Sami masu kiwon wani nau'in barewa.

Kayan ƙira da shara

Ana iya sake sarrafa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin inji, domin yawancinsa ƙarfe ne. Fukafukai ne ke da wuya, saboda an yi su da zaren gilashi da roba mai tauri, kuma da yawa binne su ake yi. Wasu janaretoci suna buƙatar maganaɗisu mai ɗauke da ma'adinai irin su niyodimiyam, waɗanda Sin ce ke tace mafi yawansu.

A nahiyar Afirka

Afirka tana da ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na injinan iskar duniya, duk da cewa tana da wurare masu iska sosai: gaɓar Bahar Maliya, gaɓar Atlantika daga Maroko zuwa Senegal, tsaunukan gabashin nahiyar, kudancinta, da wasu sassan Sahara. Afirka ta Kudu, Maroko da Masar su ne kan gaba. Afirka ta Kudu ta fara shirin sayen wuta daga kamfanoni masu zaman kansu ta hanyar gwanjo a 2011, kuma ta nan ne aka gina yawancin tashoshinta. Masar tana da tashoshin Zafarana da Jabal al-Zait a gaɓar mashigin Suwez. Tashar Tarfaya ta Maroko mai megawat 301 ta fara aiki a 2014. Habasha tana da Ashegoda mai megawat 120 da tashoshi biyu a Adama. A yammacin Afirka, tashar Taiba N'Diaye ta Senegal, mai injina 46 da megawat 158.7, an ƙaddamar da ita a watan Fabrairu na 2020.

Tashar tafkin Turkana da ke arewacin Kenya ta nuna alfanu da ƙalubale a wuri guda. Tana da injina 365 da jimillar megawat 310, a wani kwari da iska ke ratsawa kusan kullum, har takan ba da fiye da rabin cikakken ƙarfinta a shekara. Kafin a kai injinan sai da aka gyara titi mai kimanin kilomita 200. An gama kafa su a 2017, amma layin da zai kai wutar zuwa Suswa, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a watan Satumba na 2018, bayan kamfanin da aka ba kwangilarsa da farko ya karye. Gwamnatin Kenya ta biya diyyar wutar da ba a sha ba. An ƙaddamar da tashar a hukumance a watan Yuli na 2019, sannan a 2021 wata kotu ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallakar filin, bayan ƙarar da al'ummomin makiyaya suka shigar.

A Najeriya da maƙwabtanta

Najeriya tana da tashoshin wuta masu jimillar kimanin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci yana tsakanin 4,000 da 5,000. Mafi yawansa daga gas yake fitowa, sauran kuma daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa kimanin mutum miliyan 85 a ƙasar ba su da wutar babban layi. Yawancin tashoshin gas suna kudu, don haka arewa ta dogara da 'yan dogayen layuka. A watan Oktoba na 2024 lalacewar waɗannan layuka ta jefa yawancin jihohin arewa cikin duhu na kwanaki da yawa.

Iska a Najeriya ta fi ƙarfi a can arewa, a yankunan Sakkwato, Katsina da Kano, da kuma tsaunukan Jos, ta fi rauni a dazuzzukan kudu. A lokacin hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, da damina kuma daga kudu maso yamma. Yanayin yankin yana da nasa wahalhalu. Ƙurar hunturu tana cin bakin fukafukai tana toshe matatun inji, iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba don haka ƙarfinta ya ragu kaɗan, guguwar farkon damina kuma takan zo da tsawa.

Babban aikin lantarkin iska na ƙasar shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina, mai megawat 10, wanda ya ƙunshi injina 37, kowanne mai kilowat 275, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. Injinan masu fukafukai biyu ne, kuma ana iya kwantar da su ƙasa domin gyara. An faro tunanin aikin a zamanin gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, ƙungiyar Ansaru kuma ta ɗauki alhaki. Ya kuɓuta a watan Nuwamba na 2013. Sace shi ya tsayar da aikin, kuma an yi ta ɗage ranar kammalawa shekara da shekaru.

A Chadi an kafa ƙaramar tasha a garin Amdjarass da ke arewa maso gabashin ƙasar. A Nijar gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy a 2022 kan shirin gina tashar Tarka a jihar Tawa, wadda aka tsara za ta kai megawat 250. Dokar lantarki ta Najeriya ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da ba da lasisi. Kafin a gina kowace tasha, masu ba da bashi sukan buƙaci a auna iskar wurin na aƙalla shekara ɗaya a tsayin da farfela za ta kasance, a kuma tanadi layin dakon wuta, tsaro da ma'aikatan gyara.